Tambaya da Amsa: Blogger, WordPress, ko in zauna a Facebook ɗina?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Wannan karon saƙonnin da suka taru min yawancinsu a kan abu ɗaya suke, wato a ina mutum zai ajiye rubutunsa a intanet, wani yana so ya fara, wani ya fara ya maƙale, wata kuma an sace mata littafi tana cikin rubuta shi. Na tsamo waɗanda amsarsu za ta amfani mutane da yawa, sunaye kuma na cire kamar yadda muka saba.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni malamin firamare ne a nan Funtuwa, shekara kusan huɗu ke nan ina rubutu a Facebook kan tarbiyyar yara da yadda iyaye za su taimaka musu da karatu a gida, kuma alhamdulillahi ana karantawa, toh matsalar ita ce in wani ya ce in turo masa rubutun da na yi bara sai in yi ta ja ina ja har data ta ƙare ban gan shi ba. Wani abokina ya ce in buɗe bulog a Blogger, wani ya ce a'a WordPress ne na manya, ni kuma waya kawai gare ni ba ni da kwamfuta, albashin kuma kun san shi. Wanne zan ɗauka?

AMSA: Wa'alaikumussalam Malam, Allah ya saka maka da alheri kan wannan aiki. Ka ɗauki Blogger, yau ɗin nan ma in da caji a wayarka. Amma bari in faɗa maka dalili don kada gobe wani ya zo ya sake ruɗa ka.

Kaga Facebook kasuwa ce, jama'a na nan cike maƙil kuma shi ya sa muke son sa, amma abin da ka baza yau gobe wani ya baza nasa a kai, jibi kai kanka ba ka san inda naka ya shige ba, ba a yi shi don ajiya ba. Da can suna da wani sashe mai suna Notes da mutane ke zuba dogon rubutu a ciki, a 2020 suka daina shi. Bulog kuwa ɗaki ne mai kanta-kanta, kowane rubutu da adireshinsa na kansa da ranar da aka yi shi, za ka iya ware su ka ce wannan na koyon karatu ne, wannan na ladabi ne, wannan na yara masu jinkirin magana ne, ga akwatin nema a sama, kuma uwar da ke Damagaram ko Kumasi da ba ta taɓa jin sunanka ba tana iya rubuta damuwarta a Google ta faɗo kan rubutunka na shekara uku baya. Wannan na ƙarshen shi ne abin da ya fi min muhimmanci a irin naka rubutun, don ba labarin yau ba ne da zai tsufa zuwa magariba.

Shi Blogger tsohon hannu ne, tun 1999 aka buɗe shi, Google ya saye shi a 2003. In kana da Gmail shikenan ka gama rajista, ba kuɗin wata ba na shekara, ba sa manna maka tallan da ba ka nema ba, kuma gadin shafin da gyaransa duk a wuyansu yake, kai dai rubutu kawai. Da waya ana iya yin komai. Aibinsa kuma ba zan ɓoye maka ba, ya daɗe ba a ƙara masa wani sabon abu mai yawa ba, zubin shafin da suke bayarwa ba su da yawa, in kana son kanti ko rajistar ɗalibai ko wani abu mai sarƙaƙiya za ka ji ya matse ka. Toh amma kai ba ka nemi ko ɗaya a ciki ba, wurin ajiya ka nema.

Abu ɗaya da zan roƙe ka, duk ranar da ka samu ɗan rara ka sayi domen, wato adireshinka na kanka. Da farko za su ba ka wanda ke ƙarewa da blogspot.com, wannan nasu ne ba naka ba. In ka sayi naka, misali mai ƙarewa da .com.ng, wanda kamfanonin da NiRA, wato hukumar da ke kula da adireshin .ng, ta amince da su ke sayarwa kuma da naira za ka biya ba sai ka nemi katin dala ba, Blogger zai bari ka ɗaura shi a shafinka kyauta. Domen kamar layin waya ne, in ka canza waya lambarka na nan mutane za su same ka, haka in bayan shekara biyu ka bar Blogger ka koma wani wuri, adireshin da mutane suka sani yana biye da kai. Sai dai haya ce ta shekara-shekara ba sayen dindindin ba, ka sa ranar a kalandar waya. Ni na taɓa sakaci da wannan, saƙon tunatarwa yana ta zuwa wani imel da na daina buɗewa, kafin in farga wa'adi ya wuce wani ya ɗauke sunan, rubutuna na nan amma duk adireshin da na raba wa mutane shekaru ya mutu, har yau abin yana min ciwo.

Kuma kada ka bar Facebook fa. Ka sa rubutun cikakke a bulog, sannan ka ɗebo sakin layi biyu ko uku ka sa a Facebook da adireshin a ƙasa, wani lokacin ma ka sa shi duka don akwai masu ƙaramar data da ba za su danna su fita ba. Tsofaffin na shekara huɗun kuma ka riƙa kwasowa kaɗan-kaɗan, biyu yau uku gobe, ka fara da waɗanda aka fi tambayarka.

TAMBAYA: Salam. Ni ɗalibi ne a Zariya, mu biyar ne muke son buɗe shafin labaran makaranta da na unguwa. Na buɗe WordPress kyauta amma duk abin da na gani a bidiyon koyarwa na YouTube babu shi a nawa, na je sa fulogin suka ce sai na biya. Ko dai na jabu na buɗe?

AMSA: Ba na jabu ba ne ƙanina, WordPress ɗin ne guda biyu kuma kusan kowa sai ya faɗa wannan ramin. Akwai manhajar kanta da ake saukewa a WordPress.org, Matt Mullenweg da Mike Little suka fara ta a 2003, kyauta ce, amma kamar an ba ka bulo da siminti ne ba fili, sai ka kama hayar wuri a wajen kamfanin hostin, wato masu ajiye shafuka a intanet, ka dasa ta, ka sayi domen, sannan komai ya dawo hannunka. Ita ce ake nunawa a yawancin bidiyon da kake kallo, kuma ita ce ke ɗauke da sama da kashi 40 cikin 100 na shafukan intanet na duniya. Sai kuma WordPress.com, wanda kamfanin Automattic ya buɗe a 2005, su sun dasa maka manhajar a nasu filin, na kyautarsu akwai tallansu a kai, ba fulogin, wato ƙananan manhajojin da ake ƙara wa shafi don ya yi wani aiki, ba domen naka sai ka hau tsarin biya, kuma farashin da kuɗin waje ake lissafa shi. Nan ka shiga.

Ga irin aikinku, mutum biyar, kowa na turo labari, ana buƙatar wani ya duba kafin a saki, na WordPress.org ya fi dacewa, don za ka iya ba wani matsayin mai rubutu kawai, wani edita, kai kuma mai gida, ba sai kowa ya riƙe kalmar sirri ɗaya ba. Amma ku zauna ku yi magana ta gaskiya kafin ku fara, wa zai biya hostin baɗi in kun gama makaranta kowa ya tafi bautar ƙasa, da sunan wa za a yi rajistar domen, kuma wa zai riƙa shiga yana sabunta manhajar da fulogin ɗin, don nan ne ɓarayi ke shigowa, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kuma dan Allah kada ku sauke tim, wato zubin shafi, ko fulogin na kuɗi da wani ya fasa yake rabawa kyauta a Telegram, sau da yawa an cusa mugun abu a ciki, wata rana ku tashi ku ga shafinku yana tura mutane wurin caca. In kun ga babu mai ɗaukar wannan nauyin a cikinku, Blogger ma yana karɓar marubuta da yawa a shafi ɗaya, ku fara a can.

TAMBAYA: Malam ni marubuciyar littattafan Hausa ce daga Gusau, ina sakin shafukan farko kyauta a guruf na WhatsApp, sauran kuma sai an biya ta akawun ko katin waya in sa mutum a guruf na kuɗi. Wallahi kafin in kai shafi na talatin na ga littafina a wasu shafuka, an cire sunana, wani ma ya karanta shi a murya ya sa a intanet. Ƙawata ta ce in koma Wattpad, wata ta ce in buɗe nawa bulog ɗin. Ni dai na gaji, wanne ne ba za a iya sata ba?

AMSA: 'Yar'uwa Allah ya ba ki haƙuri, na san zafin wannan, mutum ya hana idonsa barci yana buga rubutu da yatsa a waya wani ya zo ya kwashe cikin minti ɗaya. Amma ba zan yi miki ƙarya ba, babu wurin da ba a sata. Duk abin da ido ya karanta a waya ana iya ɗaukar hotonsa ko a sake buga shi. Akwai fulogin da ke hana danna kwafi, yana rage ƙananan ɓarayi, wanda ya ƙudurta kuwa ba ya hana shi. Abin da za ki nema shi ne wurin da zai tsaya miki shaida cewa ke kika fara rubutawa, da wurin da mai karatu zai san nan ne gidanki na asali.

WhatsApp ba ya yin ko ɗaya a cikin biyun. Saƙon da aka tura gaba sau goma babu mai sanin daga ina ya fito, guruf kuma ba ya wuce mutum 1024, in waya ta ɓace ba a yi ajiya ba littafin ya tafi da ita. Wattpad, dandalin rubutawa da karanta labarai, wanda aka kafa a Kanada a 2006 kuma kamfanin Naver na Koriya ta Kudu ya saye shi a 2021, yana da abin da bulog ba zai ba ki a farko ba, wato masu karatu suna can zaune suna jira, marubutanmu mata da yawa a can aka san su, ana sharhi a kan kowane sakin layi kuma kowane babi na ƙarƙashin sunanki. Toh amma ba wurin karɓar kuɗin littafin Hausa ba ne, wurin tara masoya ne.

Kuma ki tuna da OkadaBooks. Marubutan Hausa da yawa sun zuba littattafansu a can suna sayarwa, manhajar gida ce da naira ake ciniki, amma a ƙarshen Nuwamban 2023 suka rufe saboda halin tattalin arziki. Wanda ke da kwafin littattafansa da hanyar samun masu karatunsa ya tashi ya ci gaba, wanda ya dogara kacokan da can kuma ya sha wahala. Kayan aro ba ya rufe katara, kuma wannan ya shafi Wattpad ɗin ma da duk wata manhajar sayar da littafi da za ki shiga gobe.

Ga yadda zan tsara in ni ne ke. Ki rubuta kowane babi a Google Docs ko wani wurin ajiya na kanki tukuna, shi ne asali kuma yana riƙe da ranakun da kika yi gyara. Ki buɗe ƙaramin bulog a Blogger da sunan alƙalaminki, ki jera duk littattafanki, da babukan kyauta, da hanya ɗaya tak ta biya, ki rubuta ɓaro-ɓaro cewa duk wata lambar akawun da ba wannan ba ba taki ba ce, don wasu ba littafin kaɗai suke sata ba har kuɗin masu karatu suke karɓa da sunan marubuciya. Babukan kyautar ki sa su a Wattpad ma. Cikakken littafin kuma in kin gama za ki iya sayar da shi a irin su Selar, inda mai saye zai biya da naira ya sauke da kansa ba sai kin tashi ƙarfe biyun dare kina duba alat ba. Sannan ki riƙa saƙa sunanki a tsakiyar babi ba a sama kaɗai ba, ɓarawo sama da ƙasa yake gogewa, ba ya zama ya karanta tsakiya.

Waɗanda suka riga suka ɗauka kuma ba a rasa abin yi ba. In shafin ɓarawon a Blogger yake ko bidiyon a YouTube, Google na da fom na ƙorafin haƙƙin mallaka, ki sa adireshin naki na asali da na satar, suna dubawa kuma suna saukewa in hujja ta tsaya, kinga nan amfanin samun shafi mai kwanan wata ya fito. A gida kuma akwai hukumar kare haƙƙin mallaka ta Najeriya, kuma dokar 2022 ta shafi abin da aka wallafa a intanet.

TAMBAYA: Oga ni maganar kuɗi ce ta kawo ni. Na buɗe bulog na labaran Kannywood da ƙwallo da Hausa wata bakwai ke nan, na nemi AdSense sau uku suna ƙi. Wani ya ce don Blogger ne, in koma WordPress za su karɓa, wani kuma yana son sayar min da akawun da aka riga aka amince da shi. Daga Bauchi.

AMSA: Ɗan'uwa riƙe kuɗinka, ba Blogger ba ne matsalar, shi da AdSense, tsarin sa talla a shafi ana biyan mai shi, ai gida ɗaya suka fito, wato Google. AdSense yana da jerin harsunan da yake karɓa kuma Hausa ba ta ciki, ƙa'idarsu ta ce ba a sa tallansu a shafin da yawancin rubutunsa da harshen da ba sa tallafawa aka yi shi, toh ko ka koma WordPress ka biya hostin mai tsada amsar ɗaya ce. Wannan abu yana ɓata min rai ƙwarai, harshe mai mutane miliyoyi daga Kano har Sudan, amma haka lamarin yake, kuma gara ka sani da wuri da ka ƙara wata bakwai kana jira. Dalili na biyu da ke sa su ƙi shi ne rubutun kwafi, in labaranka daga wasu jaridu kake ɗebo su kalma da kalma, ko da Turanci ne ba za su karɓa ba.

Sayen akawun kuma kada ka kusance shi. Ya saɓa ƙa'idarsu, sunan wani ne a kai, adireshin wani ne, su kuma sai kuɗi ya kai dala 100 suke biya kuma kafin nan sai sun aiko da lambar tantancewa ta gidan waya zuwa adireshin da ke kan akawun ɗin, ranar da suka nemi katin shaida ko suka rufe shi, kai da wanda ya sayar maka ba ku da inda za ku haɗu. Haka masu cewa ku haɗu a guruf kowa ya danna tallan kowa, hanyar rufe akawun ce mafi sauri.

Kuɗin da na ga yana shigo wa masu rubutu da Hausa na kusa ne. Mai shagon waya, mai ɗinki, mai makarantar kuɗi, mai gidan kallon ƙwallo, mai sayar da turaren wuta, duk suna neman idon mutanen da ke karanta ka, kuma su za ka iya zama da su ku yi ciniki na wata-wata, ka nuna musu alƙaluman masu shiga da Blogger ke ba ka a cikin shafin. Ba zai zo da yawa a farko ba. Kuma ka zaɓi abin da za a san ka da shi, misali ƙwallon gida, wasannin Wikki Tourists da na unguwanni da manyan jaridu ba sa zuwa, wannan ba wanda zai riga ka, saɓanin labarin Real Madrid da kowa ya gani kafin ka farka.

TAMBAYA: Ina gaisuwa daga Maraɗi. Ina rubuta tarihin garuruwanmu da karin magana, amma in na sa ƙ da ɗ da ɓ da ƴ a shafina wasu suna fitowa kamar akwati, wasu kuma sun fi sauran haruffa girma. Wane dandali ne ya san Hausa?

AMSA: Malam ina amsawa, kuma na ji daɗi da ka dage kan haruffan nan, don tsakanin ƙasa da kasa ko ɓata da bata ba ƙaramin nisa ba ne, balle a karin magana. Blogger da WordPress da sauran duk suna ajiye haruffan daidai, laifin na salon harafin da zubin shafinka ke amfani da shi ne, wanda ya zana shi bai zana masu lanƙwasa ba, sai waya ta aro daga wani salon, shi ne kake ganin ɗaya ya yi tsalle ya fi 'yan'uwansa, in ba ta samu na aro ba ta sa akwati. Ka shiga wajen gyara zubi ka canza salon, Noto Sans na Google da Andika duk suna da su cikakku. Kafin ka tsaya a kan kowane zubi ka rubuta jimla ɗaya mai duka huɗun, manya da ƙanana, ka buɗe ta a ƙaramar waya da Opera Mini ba a taka kaɗai ba. Wajen bugawa kuma Gboard, allon buga rubutu na Google a waya, yana da Hausa, ka ƙara ta a saitin harsuna.

Sai wata dabara, a cikin adireshin kowane rubutu ka yi amfani da haruffa marasa lanƙwasa, don in akwai ƙ a ciki aka tura a WhatsApp yakan rikiɗe ya zama dogon shirme na lambobi da alamomi. A kanun rubutu da cikinsa kuwa ka rubuta Hausarka daidai. Kuma tunda ku a Nijar ƴ kuke rubutawa mu kuma 'y, ka tsaya a kan naku, masu karatu a nan za su gane.

TAMBAYA: Malam ni ɗaliba ce a Alƙahira ina karatun likita, ina so in riƙa rubutu kan lafiyar mata, wani da Turanci wani da Hausa. Medium ko Substack?

AMSA: Allah ya ba da sa'ar karatu 'yar'uwa. Medium, wanda Ev Williams ya buɗe a 2012, kuma shi ɗin dai yana cikin waɗanda suka ƙirƙiro Blogger da Twitter, wuri ne mai tsabta da daɗin rubutu, yana kai rubutunki ga baƙi, amma masu karatunsa na Turanci ne, na Hausa zai zauna shiru ba mai leƙawa. Substack kuma, na 2017, wasiƙar imel ce, duk wanda ya yi rajista rubutunki zai same shi a akwatinsa kuma za ki iya sauke jerin imel ɗin ki tafi da shi duk inda kika koma, wannan babban abu ne. In kin sa kuɗin shiga suna cire kashi 10 cikin 100, ta kamfanin karɓar kuɗi na Stripe ake biya, wanda ya fi sauƙi ga mai asusun banki a irin Amurka ko Ingila.

Amma ki tambayi kanki, matan da kike son su karanta na Hausar, su nawa ne ke buɗe imel? Yawanci an buɗe musu ne ranar da aka sayi waya shikenan. Don haka na Turancin ki kai Substack, na Hausar ki ajiye shi a bulog ki riƙa tura shi ta tashar WhatsApp ko Facebook, in da hali ki haɗa da saƙon murya don waɗanda karatun boko bai zauna musu ba. Tunda harkar lafiya ce kuma, ki riƙa sa ranar da kika sabunta kowane rubutu, ki faɗa a fili cewa ke ɗaliba ce, abin da ya tsananta a je asibiti.

TAMBAYA: Na ji kana yawan cewa Blogger, idan Google suka rufe shi fa kamar yadda suka rufe Google+? Daga Jos.

AMSA: Tsoronka na kan hanya. Sun rufe Google Reader a 2013, sun rufe Google+ a Afrilun 2019, kuma ba rufewa kaɗai ke raba mutum da masu karatunsa ba, mun ga yadda aka dakatar da Twitter a Najeriya daga Yunin 2021 har Janairun 2022, waɗanda can ne kaɗai muryarsu sun ji a jikinsu. Shi ya sa kafin in ba wa kowa shawarar wani dandali nake fara duba ƙofar fita. Blogger yana bari ka sauke duk rubutunka da sharhin mutane, WordPress kuma yana da abin shigo da su kai tsaye daga Blogger, shi ma WordPress ɗin haka yake bari ka fitar. Irin su Wix kuwa shafin da ka gina a can ba ya ɗaukuwa ɗungurungum zuwa wani hostin, shi ya sa ba na tura mai dogon rubutu can duk da kyan zubinsu.

Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka ka shiga saitin bulog ɗinka, wajen ajiye kwafin abin da ke ciki, zai kai ka Google Takeout, wurin da Google ke ba ka kwafin kayanka, ka sauke fayil ɗin kowane farkon wata. Kada ka bar shi a Google Drive na wannan Gmail ɗin kaɗai, don in an yi maka kutse duka biyun za su tafi tare, ka tura kwafi ɗaya wani imel daban, ɗaya a memori ko filash. Hotunan asali ma ka ajiye su daban. Sannan ka kunna tantancewa mai mataki biyu a Gmail ɗin, ka duba lambar wayar da ke kai ka tabbata layin da ke hannunka ne yanzu ba wanda ya ɓace tun bara ba.